Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga shugabannin gidajen likita da ƙungiyoyin agaji na jihar Damagaram: a koya wa ma'aikata kada su yi wa mutane fami

Assalamu alaikum. Ranku ya daɗe.

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ni tsohuwar ungozoma ce. Na yi shekara talatin da ƴan kai ina karɓar haihuwa, tun daga ƙauyuka har nan cikin birni, kafin in ajiye aiki. Wasunku mun yi aiki tare, wasunku kuma a hannuna matansu suka sauka. Saboda haka ku yi mini uzurin tsufa idan maganata ta yi tsawo, ko ta taɓa inda ba a so.

Zan fara da laifina, don kada a ce na zo nuna wa wasu yatsa. Wata ranar kasuwa, a wata cibiyar lafiya da ba zan faɗi sunanta ba, aka kawo mini wata yarinya da ba ta wuce shekara goma sha shida ba. Cikinta ya kai wata shida, ba ta taɓa zuwa awo ba. Gwaggonta ce ta rako ta. Layin mata ya kai har gindin dogon yaro, ni kuwa ko kumallo ban karya ba. Na ce ta hau gado ta kwanta. Ta tsaya. Na sake faɗa, ta tsaya, hannuwanta biyu sun damƙe bakin zanenta, idonta a kan bango. Na kama hannunta zan ja ta, sai na ji jikin ya sandare kamar itace, sanyi ƙalau. Sai na saki maganar nan da kowace ungozoma a ƙasar nan ta taɓa ji, in ma ba ta taɓa faɗa ba: "Lokacin da kike yin abin ba ki ji kunya ba, sai yanzu?" Ƙofa a buɗe take, matan da ke kan benci suka kwashe da dariya. Yarinyar ba ta yi kuka ba, ba ta ce uffan ba. Muka danne ta ni da mai taimaka mini, na yi awon, na cika karne, na ce ta dawo bayan wata ɗaya.

Ba ta dawo ba. Bayan wata uku aka kawo ta a amalanke, ta kwana biyu tana naƙuda a gida, don ta rantse ba za ta ƙara taka ƙofarmu ba. Jaririn bai zo da rai ba. A ranar ne gwaggon ta ja ni bayan ɗaki ta gaya mini cewa a hanyarsu ta dawowa daga arewa wasu maza suka tare su, kuma cikin nan can aka samo shi.

A takarda ban yi kuskure ko ɗaya ba. Na auna tsayin ciki, na saurari bugun zuciyar jariri, na ba ta ƙwayoyin ƙarin jini da na rigakafin masassara. Da mai duba aiki ya zo ranar, da yabo zan samu. Amma da hannuna na maimaita mata abin da aka yi mata a daji: an danne ta, an buɗe ta ba da yardarta ba, ana dariya.

Hausa tana da sunan abin da na yi. Fami. Miki ya fara ɗinkewa, wani ya zo ya buge shi, ya dawo ɗanye, zafinsa ma ya fi na ranar farko. Kowa ya san famin ƙafa da na hannu. Wanda ba a koya mana ba a makarantar koyon aikin lafiya shi ne famin zuciya, kuma shi ne dalilin wannan wasiƙa. Roƙona ɗaya ne: ku horar da ma'aikatanku, dukansu, su san mutumin da ke ɗauke da miki a zuci, su san yadda za su yi masa aiki ba tare da sun fama shi ba, ku kuma kula da mikin da su kansu ma'aikatan suke ɗauke da shi.

Abin ba tatsuniya ba ne, a jiki yake. Can cikin ƙwaƙwalwa akwai wani ɗan sashe da bai fi ƙwayar gujiya ba, likitoci na kiransa amigdala, shi ne mai gadin jiki. Da ya hango haɗari sai ya buga ƙararrawa, sinadaran adirenalin da kotizol su kwarara cikin jini, zuciya ta yi ta dukan uku-uku, numfashi ya yi sama, ciki ya ɗaure. Daga nan jiki zai yi ɗaya cikin uku: ya yi faɗa, ya gudu, ko ya sandare. Ba shawara ake yi da mutum ba, kafin tunani ya iso jiki ya riga ya zaɓa. Ga wanda ya ga tashin hankali mai tsanani, mai gadin nan yakan ƙi komawa ya zauna ko da haɗarin ya wuce da shekaru. Wani wari, wata murya, kakin soja, ƙarar rufe ƙofa, hannun da ya taɓa shi bai sani ba, sai ƙararrawa ta sake tashi. Kakanninmu sun riga masana faɗa: wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Matsalar ita ce yadda mu ma'aikata muke karanta wannan gudun. Wadda ta sandare mu ce taurin kai. Wanda ya hau mu da faɗa mu ce rashin tarbiyya. Wadda ta sulale da ɗanta da dare daga ɗakin masu tamowa mu rubuta cewa ta gudu, mu ce ƙauyanci, mu wuce.

Kuma Bahaushe ba ya shigowa ya ce zuciyata ce ke da rauni. An raine mu da kunya da haƙuri, an gaya mana ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Abin da za ka ji shi ne: gabana na faɗuwa, kaina na ɗaukar zafi, jikina duk ya mutu, ba na barci, abu na yi mini yawo a jiki, tunani ya yi mini yawa. Sai a yi gwajin masassara, ko ya nuna ko bai nuna ba a rubuta farasitamol, mutum ya tafi ya dawo bayan sati biyu da kukan nan dai. Na san matan da karnensu ya cika da irin wannan zuwa, ba wanda ya taɓa rufe ƙofa ya ce musu, "Baiwar Allah, yaya gida? Lafiya kike kwana?"

Ranku ya daɗe, kun fi ni sanin abin da jihar nan ta ɗauka cikin ƴan shekarun nan, amma bari in tuna mana. A watan Oktoba na 2013 aka tsinci gawar mutum 92 a hamada kusa da iyakar Aljeriya, ƙishirwa ta kashe su bayan motocinsu sun lalace. Yara 52 ne a ciki, mata 33, kuma mafi yawansu ƴan gundumar Kance ne. Tun ƙarshen 2014 ake ta dawo da ƴan ƙasarmu daga Aljeriya cikin kamyo, ta Asamaka da Agadas, har su iso mana nan. A ranar 6 ga Fabrairun 2015 Boko Haram ta kai hari Boso da Difa, jama'a suka kwararo Damagaram da ɗan abin da hannu ya iya ɗauka. A 2018 ƙungiyar likitocin MSF ta ba da sanarwar cewa a sashen yara na Magariya, cikin tsakiyar damina, kusan yara goma ke rasuwa kowace rana. A damanar 2024 ruwa ya cinye gidaje ba iyaka, har tsohon masallacin Birni, wanda ya tsaya tun ƙarni na 19, ya rushe a farkon watan Satumba. Ban ma taɓo samarin unguwar Kara-Kara da suka tashi cikin sara da suka da tiramol ba, ko ƴan matan da yoyon fitsari ya raba da gidan miji tun ba su kai ashirin ba. Duk waɗannan mutane ba su ɓace ba. Su ne a kan bencinku kowace safiya, riƙe da karne.

An taɓa kirana in taimaka a wurin tarbar waɗanda aka dawo da su daga arewa. Kamyo ya tsaya, mata suka sauko fururu da ƙura, yara ba mai ko kuka. Wani saurayi ne ke rajista, yaro mai hankali, ga takardu tuli gabansa. Wata mata ta zauna, ya ce, "Inna, ƴaƴa nawa?" Ta ce huɗu. Ya ɗaga kai ya ƙirga, ya ce, "Uku nake gani." Ta ce huɗu ne. Ya ajiye biro ya ce, "Inna, in don a ƙara miki shinkafa ne, ba haka ake yi ba, ga mutane na jira." Ba ta amsa ba. Ta kwance bakin zanenta, ta fito da takalmin roba ƙafa ɗaya, irin na yaron da bai daɗe da fara tafiya ba, ta ajiye a kan teburin. Wuri ya yi tsit. An riga an yi mata wannan tambayar a kan iyaka, an yi mata a Agadas, kuma bayan teburin nan akwai wasu tebura biyu na wasu ƙungiyoyi, kowa da takardarsa, kowa zai sake tambayar ƴaƴa nawa.

Ban ga laifin yaron ba. An koya masa cika takarda, an ja masa kunne kan masu ƙara yawan iyali, shi ke nan abin da aka ba shi. Ba wanda ya gaya masa cewa uwar da ta binne ɗa a rairayi tana iya yin watanni tana ƙirga shi cikin masu rai. Da yamma na same shi a bayan mota ya haɗa kai da gwiwa. Washegari ya dawo aiki, kuma shi ma ba wanda ya tambaye shi yadda ya kwana.

Duniya ta daɗe da gane wannan. A Amurka, likitoci biyu, Vincent Felitti da Robert Anda, sun jagoranci wani bincike kan manya fiye da 17,000 a birnin San Diyego, aka fara fitar da sakamakonsa a 1998. Tambayarsu suka yi kan abin da suka gani suna yara: duka, fyaɗe, zagi, ganin ana dukan uwa, zama da mashayi a gida. Kusan kashi biyu cikin uku sun ce sun ga aƙalla ɗaya, wajen mutum ɗaya cikin takwas kuma ya ga huɗu ko fiye. Aka tarar gwargwadon yawan abin da yaro ya gani, gwargwadon haɗarin da yake ciki in ya girma na shaye-shaye, ciwon damuwa, yunƙurin kashe kai, har ciwon zuciya. Ku lura, waɗancan mutane ne masu inshorar lafiya, mafi yawansu masu ilimi da abin hannu. Ba a tambaye su yunwa ba, ba a tambaye su hamada ba, ba a tambaye su bara a titin wata ƙasa ba. A 2019 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a wuraren da rikici ya shafa, mutum ɗaya cikin biyar na fama da wata larurar ƙwaƙwalwa, daga damuwa da fargaba har zuwa masu tsanani.

A 2014 hukumar Amurka mai kula da lafiyar ƙwaƙwalwa da shaye-shaye, SAMHSA, ta tsara abin da ake nufi in an ce ma'aikata tana aiki da sanin raunin zuciya. Ta ce sai ma'aikatar ta yarda cewa abin ya yawaita, ta iya gane alamunsa ga masu zuwa da ma'aikatanta, ta shigar da wannan sani cikin dokokinta da yadda take aiki, sannan ta guji sake tayar wa mutum da abin da ya same shi. Na ƙarshen nan shi ne faminmu. Abin da ya burge ni a tsarin shi ne ba a kan likita ɗaya ya rataya ba, a kan gidan gaba ɗaya ne. Ba cewa aka yi kowa ya zama likitan ƙwaƙwalwa ba. Mu da likitocin ƙwaƙwalwarmu ƴan ƙalilan ne, yawancinsu kuma suna Yamai, kusan kilomita 900 daga nan, in muka ce sai su za mu jira, to mun daɗe ba mu fara ba.

To, in an ce horo, na san abin da zai faɗo muku a rai, don ni ma na ci kuɗinsa. Formasiyo ta kwana uku a babban ɗaki mai sanyi, allo na haskawa da Faransanci, a sha kofi da ƙarfe goma, a ci kaza da rana, a sa hannu a karɓi fardiyam, wato kuɗin halartar taro, a ɗauki hoto a manna a rahoto. Wa ake turawa? Majo, wato shugaban cibiyar lafiya, ko wanda yake kusa da majo. Ya dawo ya saka takardun a durowa. Bayan wata shida a yi masa canjin wurin aiki, ilimin ya bi shi. In kuma furoje ya ƙare, zancen ya ƙare. Ba irin wannan nake roƙo ba, in shi za a yi gara a sayi gidan sauro da kuɗin.

Ku bi sawun mara lafiya tun daga bakin titi ku ga wa yake fara gamuwa da shi. Mai gadi ne, da sandarsa da kakinsa. Daga shi sai mai sayar da tikiti, sai mai shara da ke cewa a ɗaga ƙafa, sai ɗalibar da ke koyon aiki, sai mai ɗibar jini. Kafin matar da ta gudo daga bakin tafkin Chadi ta ga wanda aka tura formasiyo, ta wuce hannu biyar, kuma ƙila tun a ƙofa an gama da ita. Na ga yaro ɗan Difa ya shige ƙarƙashin benci yana kakkarwa don salansar kabu-kabu ta buga a waje, mai gadi ya jawo shi da ƙafa yana cewa ya daina iskanci. Mai gadin nan dattijo ne mai sallah, da an taɓa zaunar da shi rabin awa an bayyana masa, da shi zai fara tsugunawa ya rarrashi yaron. Don haka a horar da kowa, har direban motar ɗaukar marasa lafiya, har mai dafa kunun yara. Ku ma shugabanni ku zauna a ciki, a kan benci ɗaya da su, domin ma'aikacin da shugabansa ke yi wa tsawa gaban jama'a, a kan mara lafiya zai huce.

A yi shi da Hausa, a kuma sami masu yi da Barbarci da Fulatanci da Buzanci inda ake bukata. A yi shi a wurin aiki, awa ɗaya ko biyu, a riƙa maimaitawa, ba a yi sau ɗaya a shafa fatiha ba. Kuma a yi shi da kwaikwayo. Garin nan ya yi suna a wasan kwaikwayo tun zamanin da ƙasa duka ke jiran ƴan wasan Damagaram a rediyo da telebijin, bai kamata mu rasa yadda za mu yi wannan ba. A sa ungozoma ta hau gadon awo da kanta, ƙafafu a sama, ƙofa a buɗe, abokan aiki na shiga da fita suna hira a kanta. Minti biyu ya isa. Wallahi abin da za ta koya a nan, allo ɗari ba zai koya mata ba.

Abubuwan da za a koya ɗin ma ba masu wuya ba ne. Ka yi sallama, ka faɗi sunanka da aikinka. Ka faɗi abin da za ka yi kafin ka yi, ka nemi izni kafin ka taɓa jikin mutum, in ya ce a dakata ka dakata. A ba shi zaɓi ko da ƙarami ne: mace kike so ta duba ki ko ba komai, gwaggonki ta zauna ko ta fita, yanzu ko bayan kin sha ruwa. Wanda aka taɓa ƙwace wa iko da jikinsa, wannan ɗan zaɓin ba ƙaramin abu ba ne a wurinsa. Kada a yi alkawarin da ba za a cika ba. A riƙe sirri, kuma wannan sai an nanata, don garinmu kowa ya san kowa, maganar da aka yi a ɗakin awo da safe tana iya riga mai ita isa unguwa. Ƙungiyoyin da ke aiki wuri ɗaya su haɗa takardar rajista guda, a tambayi mutum sau ɗaya. A daina ɗaukar hoton uwa da ɗanta mai tamowa don a ƙawata rahoto, alhali ta amsa ne kawai don tana tsoron a hana ta abincin yaron.

Akwai wurin da nake so a yi taka-tsantsan, domin horo rabi-rabi ya fi rashinsa haɗari. Wanda ya ji ƙamshin abin yakan dawo da zumuɗi, ya riƙa tono mutane: faɗa mini duk abin da ya faru, fitar da shi ki huta. Wannan ma fami ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi hani da zaunar da wanda abu ya sama a sa shi ya zayyana komai a zama ɗaya da sunan rage masa nauyi, don an gano ba ya hana ciwon, yana ma iya ƙara shi. A 2013 ta kuma yi gargaɗi kan rubuta magunguna irin su diyazefam ga wanda ke cikin kaɗuwa a watan farko. Abin da ta fitar a 2011 tare da wasu ƙungiyoyi biyu, wato taimakon farko na kwantar da hankali, kalma uku ne: duba, saurara, haɗa. Ka duba ko mutum na cikin haɗari da abin da yake bukata yanzu, ka saurare shi in yana son magana ba tare da ka matsa ba, ka haɗa shi da danginsa da inda zai sami taimako. Wani lokaci taimakon duka shi ne ruwa a moɗa, da tabarma a inuwa, da aron waya ya kira gida.

Haɗawar nan kuwa sai kun share hanyarta tun da wuri. Kowane ma'aikaci ya san cewa wadda aka yi wa fyaɗe tana bukatar maganin kariya daga ƙanjamau cikin awa 72, da na hana ɗaukar ciki cikin kwana biyar, ya san ɗakin da zai kai ta da kansa ba ya yi mata kwatance da baki gaban mutane ba. Ya san wanda ke maganar kashe kansa, ko wanda ya daina ci da magana, ba na rarrashi ba ne kawai, na turawa gaba ne, ya kuma san wurin wa. Tun 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya take da shirin mhGAP, wanda aka yi don ma'aikatan lafiya na gama-gari su iya gane larurorin ƙwaƙwalwa su kula da su a inda babu ƙwararre. A ƙasar Zimbabuwe ma, tun 2006, wani likita mai suna Dixon Chibanda ya fara horar da tsofaffin mata suna zama a kan benci a harabar asibiti suna sauraron masu damuwa, aka gwada aka ga yana aiki. Ciwon da suke magani da harshensu sunansa yawan tunani, kamar dai yadda muke faɗa. Tsofaffin mata masu riƙe sirri kuwa, Damagaram ba ta rasa su ba.

Kada kuma a shigo da horon kamar an zo yaƙi da abin da mutane suka yarda da shi. Kafin mace ta zo mana da faɗuwar gaba, ta sha rubutu, an yi mata tofi, wataƙila an ce iska ce. In ka yi mata dariya, ka rasa ta. A gayyato limamai da malaman makarantun islamiyya na mata cikin horon, su ma su san lokacin da za su ce a tafi likita. Su kuma za su taimake mu gyara yadda muke amfani da kalmar haƙuri, don mun mai da ita murfin rufe bakin mutane. Annabi Yaƙub, alaihissalam, ya yi baƙin cikin rabuwa da ɗansa har idanunsa suka yi fari, ba a ce ya rasa imani ba. Ranar da Manzon Allah, sallallahu alaihi wasallam, ya sauko daga kogon Hira zuciyarsa na bugawa, ya nemi a lulluɓe shi, Nana Khadija ta lulluɓe shi har tsoron ya kwanta, sannan ya ba ta labari, ta ƙarfafa masa zuciya, ta kai shi wurin Waraƙa wanda yake da sani. Ni dai duk lokacin da aka ce duba, saurara, haɗa, wannan nake tunawa.

Saura ma'aikatan kansu, kuma a nan ne na fi jin ciwo. Ku tambayi duk wadda ta yi damina ɗaya a ɗakin yara, watan Agusta zuwa Oktoba, lokacin da masassara da tamowa ke haɗuwa, yara biyu uku a gado ɗaya. Ta rufe idon wannan, ta naɗe shi a zanen uwarsa, ta juya ta nemi jijiyar na kusa da shi, ba ta da ko minti biyar na wanke fuska. Ta koma gida ta kasa cin tuwo, ɗanta ya yi ɗan zazzaɓi ta haukace, mijinta ya yi magana ta hau shi da faɗa. Shekara uku a haka sai zuciya ta yi kanta, kamar tafin hannun manomi. Daga nan ne ake samun ungozomar da mata ke cewa ba ta da imani. Da imaninta ta shigo aikin. Ni ma ranar da na yi wa yarinyar nan magana, a daren jiyanta wata mata ta zubar da jini a hannuna har ta cika, na wanke hannu na ci gaba da aiki. Ba na kawo wannan don in wanke kaina, ina nuna muku inda abin yake fitowa ne.

Saboda haka horon da bai taɓa ma'aikaci ba rabi ne. A ware zama ko sau ɗaya a wata, ƙofa a rufe, ba don binciken laifi ba, kowa ya faɗi abin da ya tsaya masa a rai in yana so, wanda ba ya so a ƙyale shi. Wanda aka yi wa rasuwa mai nauyi a hannu a ba shi ko rabin awa ya fita ya sha iska. A duba jadawalin kwana, kada mutum ɗaya ya yi ta jere dare. Masu aikin sa-kai da ƴan kwantaragi da ke shafe watanni ba a biya su ba, ku sani wanda yake tunanin kuɗin haya ba shi da sauran wurin ɗaukar damuwar wani. Kuma shugaba ya iya cewa sannu da aiki. Kyauta ce, amma na yi shekaru a wasu wurare ban ji ta ba.

Na san amsar da wasunku za su ba ni, don na sha jin ta a taro: Hajiya, ba mu da magani, ba mu da jini, wuta na ɗaukewa ana tsakiyar aiki, ke kina zancen zuciya. Gaskiya ne, ban musa ba. Amma ku lissafa mini kuɗin labule yadi shida, da sakata a ƙofar ɗakin awo, da juya teburin rajista ya ba layi baya. Sannan ku lissafa abin da aka kashe a kan yarinyar da na kora: motar da ta kai ta babban asibiti, jinin da aka ƙara mata, kwanakin da ta yi a gado. Tun 2006 gwamnati ta ce a duba yara ƴan ƙasa da shekara biyar kyauta, a yi wa mata aikin fiɗa na haihuwa kyauta, duk don jama'a su zo. Wadda aka ci wa mutunci ba ta dawowa ko kyauta ne, kuma ba ita kaɗai za ta ƙi zuwa ba, har kishiyarta da maƙwabtanta.

In kun tashi auna ko horon ya yi amfani, kada ku ƙirga mini yawan waɗanda suka sa hannu a takardar halarta. Ku ƙirga matan da suka zo awon farko suka dawo na biyu da na uku. Ku ƙirga iyayen da suka tsere da yara kafin a sallame su, bara nawa bana nawa. Ku sa wata dattijuwa wadda ba ma'aikaciyarku ba a bakin ƙofa, ta riƙa tambayar masu fita: an gaya miki abin da za a yi miki? An rufe ƙofa? Za ki turo ƙanwarki nan? Ina kuma roƙon makarantar koyon aikin lafiya ta nan Damagaram da Jami'ar André Salifou su sa wannan cikin karatun ɗalibai tun shekarar farko, kafin su je koyon aiki su kwashi irin maganganun da mu muka kwasa daga na gabanmu.

Mu da muka ajiye aiki muna nan da yawa a gari, ungozomomi da malaman jinya, ba abin da muke yi sai zuwa suna da gaisuwar rasuwa. In kun kira mu za mu zo, ba sai da fardiyam ba, kuɗin kabu-kabu ya isa. Ni zan fara tsayawa gaban ɗalibai in ba su labarin nan da bakina. Yarinyar tana nan da ranta, ta yi aure a cikin gari, na ga yara biyu tare da ita. Mun haɗu sau uku a Kasuwar Dole, duk ukun tana hango ni ta sauya layi, ni kuma har yau ban sami ƙarfin bin ta in roƙi gafara ba.

Allah ya taya ku riƙo. Wassalam.

Taku,
Tsohuwar ungozoma,
Unguwar Birni, Damagaram.